Me ke kashe uwar oktofas bayan ta yi ƙwai: yunwa ce, ko jikinta ne ke juya mata baya?

Ɗan_Rima
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga malamanmu na kimiyya. Na kalli wani bidiyo na dabbar teku mai hannuwa takwas, wadda ake kira oktofas. An ce macen sau ɗaya take yin ƙwai a duk rayuwarta. Da ta zuba ƙwan a cikin rami sai ta kwanta a kai, ta daina cin abinci, ta rame, fatarta ta koɗe, kuma lokacin da 'ya'yan za su ƙyanƙyashe ita ta gama. Mai bayanin ya ce wai iskar oksijin ce ke lalata mata ƙwayoyin jiki har ta tsufa cikin makonni. Ni wannan ya ɗaure mini kai. Oksijin ɗin da ake sa wa marar lafiya a asibiti don ya rayu? A ganina yunwa ce kawai ta kashe ta, sauran duk surutun Turawa ne. Ko yaya kuka gani?

Kawu_Tambuwal
Wa alaikumus salam. Ɗana, ai abin a bayyane shike. Duk abin da ya ƙi ci mutuwa za ya yi. Mi ad da wuya nan?

Inna_Mabera
Allah sarki uwa. Ko a cikin ruwa uwa uwa ce. Ni kajina in sunka hau kwanci haka suke, kwana 21 kaza na bisa ƙwai, sai ta sauko sau ɗaya a yini ta ɗan tsattsaga ta sha ruwa ta koma da gudu. In ka ɗauke ta sai ka ji ta zama sakayau, ƙashin ƙirji ya fito, tukkunta ya koɗe. Amma dai ba ta mutuwa. Da ɗiyan sun fito, bayan 'yan makonni ta murje abinta.

MalamaBayoloji
Ɗan_Rima, tambayarka tana da kyau, amma amsar Kawu ba ta rufe ta ba, Allah ya ƙara wa Kawu lafiya. Abin tambaya shi ne: me ya hana ta ci? Domin a ɗakunan bincike an gwada kai mata abincin har bakin ramin, kaguwa da take so, ta ture. Ba rashin abinci ba ne, sha'awar cin ce aka ɗauke mata.

A 1977 wani masani a Jami'ar Brandeis ta Amurka mai suna Jerome Wodinsky ya yi wani gwaji da har yau ake komawa gare shi. A cikin kan oktofas, tsakanin idanuwa, akwai wasu 'yan ƙananan ƙullutu guda biyu masu fitar da homon, wato sinadaran da ke kai saƙo a cikin jiki. Aikinsu ya yi kama da na ƙullutun fituwitari da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar mutum. Ya ɗauki matan wani nau'i na tekun Karebiyan, Octopus hummelincki, waɗanda suka riga suka yi ƙwai, ya cire musu ƙullutun nan biyu. Sai suka tashi daga kan ƙwan, suka koma cin abinci, suka ƙara nauyi, suka rayu watanni bayan lokacin da 'yan'uwansu suka mutu. Ka ga ke nan umarnin daina ci da na mutuwar daga cikin kanta yake fitowa.

Kawu_Tambuwal
To ai Malama ba ki kore maganata ba. Da ta ci ta rayu, da ba ta ci ba ta mutu.

MalamaBayoloji
Kawu, da yunwa ce kaɗai, da namijin bai shiga lissafi ba. Shi ba ya kwanci, ba ya gadin ƙwai, amma bayan barbara shi ma yana lalacewa, ya riƙa yawo a fili ba ya ɓuya, fata ta yi miki, ya mutu cikin 'yan watanni. Kuma macen ba ramewa kawai take yi ba. A tankunan bincike an ga waɗanda suke yage fatar jikinsu, suna cin bakin hannuwansu, suna buga kansu a jikin tanki. Dabbar da yunwa kawai ke damu ba ta yin haka.

Sarkin_Tarwada
Malama kin taɓo sana'ata. Mu masu ƙyanƙyasar tarwada mun san wanga ƙullutu na kai ƙwarai, ko da ba mu yi boko mai zurfi ba. In za mu sa macen tarwada ta saki ƙwai, ko dai mu sayi allurar homon ta kwalba, ko kuma mu yanka wani kifin, mu fasa kai daga ƙasa, mu ciro wani ɗan farin abu ƙarami ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Sai a niƙe shi cikin ruwan gishiri na asibiti, a zuƙe da sirinji, a soka ma macen a tsokar baya da dare. Da safe in ka matsa cikinta sai ƙwai shi zubo cikin roba. Ɗan mitsitsin abu, amma shi ka juya kifi mai kilo biyu. Don haka ni ban yi mamakin abin da Baturen nan ya gani ba.

Bambancin shi ne tarwadar tawa in na matse ta na maishe ta ruwa, na ba ta abinci mai kyau, bayan 'yan watanni ta sake cika da ƙwai. Ita karfasa ma a baki take riƙe ƙwanta, kusan mako biyu ba ta ci, kuma ta tashi lafiya.

Ɗalibar_Kemistiri
Bari in shigo ta ɓangaren oksijin ɗin, tunda shi ne ya ɗaure wa Yaya Ɗan_Rima kai. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta akwai wasu ƙananan sassa, mitokondiriya, inda ake ƙona abinci da oksijin a samar da ƙarfi. Ƙonawar ba ta fita tas. Kullum akwai ɗan ɓurɓushin oksijin da ke kuɓucewa a wani yanayi mai zafin hali, irin su sufa'oksaid da haidirojin feroksaid. Waɗannan in suka haɗu da kitsen da ya kewaye ƙwayar halitta, ko furotin, ko ƙwayar gado ta DNA, sai su ɓata su.

Yaya ka taɓa buɗe man gyaɗar da ya daɗe a galan, rana na dukansa, ka ji warinsa ya sauya, ya yi ɗaci a harshe? Abin da ya faru ke nan, oksijin ne ya ci kitsen. Irin wannan ɓacin yana faruwa a kitsen jikin mai rai, har akwai wani sinadari da yake bari, malondayaldehaid, wanda ake aunawa a san yawan ɓarnar.

Jiki yana da masu share wannan ɓurɓushi: sinadaran SOD da katales da gulutatayon, da kuma bitamin C da E daga abinci. Muddin masu sharar sun fi ƙarfin ɓurɓushin, lafiya lau. Ranar da ɓurɓushin ya rinjaye su, ita ce matsalar da mai bidiyonka yake nufi. Oksijin na asibiti ma ana auna shi ne, ba a barin shi haka nan, musamman ga bakwaini, don yawansa yana iya lalata musu ido.

Ɗan_Rima
Madalla ƙanwata, yanzu na fahimci wannan ɓangaren. To amma mene ne haɗinsa da ƙwai?

Ɗalibar_Kemistiri
Haɗin ta hanya biyu ne. Na farko, haɗa ƙwai aiki ne mai cin ƙarfi. Oktofas na gama-gari, Octopus vulgaris, tana zuba ƙwai daga 100,000 zuwa 500,000, kuma kowanne sai an zuba masa gwaiduwa daga kitse da furotin ɗin jikinta. Yawan aiki yana nufin yawan ƙona oksijin, yawan ƙonawa yana nufin yawan ɓurɓushi. Na biyu, da ta daina ci, kayan da ake gina masu sharar da su sun daina shigowa. Ita kuwa ba dabba ce mai tara kitse da yawa ba, tsokar jikinta take ƙonawa. Ga shi ba hutawa take yi ba: dare da rana tana shafa ƙwan da hannuwa don kada datti da ƙwayoyin cuta su zauna, tana feso musu ruwa ta bututunta don su sami iska. Ɓarna tana ƙaruwa daidai lokacin da gyara yake raguwa.

Likitan_Dabbobi_Sok
Na yarda da bayanin ƙanwata, amma ina so a yi hattara da yanke hukunci. Samun ɓarnar oksijin a jikin dabbar da ke mutuwa ba ya nuna cewa ɓarnar ce ta kashe ta. Kowace dabba da ta yi makonni ba ta ci ba, in ka auna za ka ga sauyi. Tambayar ita ce wane ne ya riga wani.

Ra'ayin cewa wannan ɓurɓushi shi ne tushen tsufa tsoho ne, Denham Harman ya kawo shi a 1956, kuma ya yi tashe shekaru da dama. Amma ya sha suka. Akwai wani ɓera marar gashi da ke zama a ƙarƙashin ƙasa a Habasha da Kenya da Somaliya. Yana wuce shekara 30 a raye, alhali ɓeran gida da wuya ya wuce uku ko huɗu. Da aka auna sai aka ga ɓarnar oksijin a jikinsa ta fi ta ɓeran gida yawa tun yana ƙarami. An kuma rage wa wasu ɓeraye ƙarfin sinadarin SOD, ɓarna ta ƙaru a jikinsu, amma kwanansu bai ragu ba. Don haka ni ina ɗaukar ɓarnar oksijin a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan da ke rushe uwar oktofas, ba mai ba da umarnin ba. Mai umarnin shi ne ƙullutun da Malama ta ambata.

MalamaBayoloji
Dakta, ina tare da kai rabi. Amma akwai binciken da ya kusantar da maganganun biyu. Z. Yan Wang da Clifton Ragsdale na Jami'ar Shikago sun yi aiki a kan wani nau'i na gaɓar Kalifoniya, Octopus bimaculoides. A 2018 sun nuna cewa ƙullutun ba sinadari ɗaya yake saki ba, saƙonninsa suna sauyawa daga mataki zuwa mataki: lokacin da take kwanci tana ɗan ci, lokacin da ta daina ci, da lokacin rushewa. A 2022 kuma suka gano cewa bayan barbara yadda ƙullutun ke sarrafa kolestarol, wani nau'in kitse na jiki, yana sauyawa sosai. Yana ƙara samar da homon ɗin firojestaron da danginsa, da wasu sinadarai masu alaƙa da ruwan matsarmama, da kuma wani da ake kira 7-DHC, wanda daga shi ake gina kolestarol.

Abin da ya sa na kawo wannan: a cikin mutane akwai wata cutar gado, Smith-Lemli-Opitz, inda 7-DHC yake taruwa a jiki, kuma daga cikin alamominta akwai yaro ya riƙa ji wa kansa ciwo. Ka tuna abin da na ce game da oktofas mai cin hannunta.

Ɗalibar_Kemistiri
Malama kin riga ni! Kuma 7-DHC yana cikin nau'o'in kitsen da oksijin ya fi saurin ɓatawa, ya fi kolestarol kansa nesa ba kusa ba, kuma abubuwan da yake rikiɗewa zuwa gare su suna da guba ga ƙwayoyin jijiya. Dakta, ka ga ke nan ba dole ne a zaɓi ɗaya ba. Ƙullutun na iya zama mai umarni, ɓarnar oksijin kuma ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin da umarnin ke bi.

Likitan_Dabbobi_Sok
"Na iya zama" ɗin nan da kika faɗa ita ce daidai, a bar ta a haka. Shi wannan 7-DHC ɗin dai shi ne fatarmu take mayarwa bitamin D in rana ta taɓa ta, kada wani ya karanta ya ɗauka guba ce tsantsa.

Bakanike_RunjinSambo
Ku dakata malamai, kun yi mana nisa. Ni tambayata ɗaya: ana cin abin nan? Kuma ya halatta?

AlmajirinWurno
Bakanike, a mazhabarmu ta Malikiyya dabbobin teku halal ne baki ɗaya, ba sai kifi ba, kuma ba su buƙatar yanka. Hujja tana cikin Suratul Ma'ida aya ta 96, da hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarki ne kuma mushensa halal ne. Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi. Halatta daban, iya haɗiyewa daban.

Bakanike_RunjinSambo
Allah shi gafarta Malam, na gode. Amma ni a bar ni da balanguna.

Bafatake_Illela
Ana ci mana, kuma kuɗi na sosai. Ni na yi zama Nuwadibu ta Muritaniya wajen fatauci. Can oktofas shi ad dukiyar garin, ana daskarar da shi a kai Japan da Sifaniya. Yadda suka kama shi ya dace da zancenku. Ba ƙugiya ba, ba koto ba. Wasu baƙaƙen tukwanen roba na, an zuba ɗan siminti ciki don su nutse, an ɗaure su jere ga igiya mai tsawo. Ita dabbar ramin ɓuya take nema, sai ta shige da kanta. In anka jawo igiyar ana samun wata tukunyar da ƙwai manne a ciki, zare-zare farare suna reto, uwar ta naɗe su da hannuwa ta ƙi fita. Na gani da idona. Shi ya sa gwamnati ka rufe kamun na wani lokaci cikin shekara, don a bar su su hayayyafa.

MalamaBayoloji
Alhaji Bafatake, wannan bayani naka ya fi na littafi. Kuma a nan ne ilimin yake da amfani ga masunta. Tarwadar Sarki in ta tsira bana za ta yi ƙwai baɗi. Ita wannan dama ɗaya gare ta. In aka ɗauke uwar daga kan ƙwan, ƙwan ma sun tafi, don ba mai share su, ba mai kore musu kifaye.

Hajiya_GawonNama
Ni fa tun ɗazu abin da ke raina daban. Ashe dai gaskiyar iyayenmu da suke cewa haihuwa tana tsofar da mace. Ku dubi yarinyar da ta yi haihuwa biyar a jere ku dubi sa'arta. To mu ma wannan ɓurɓushin ne ke cin mu? Akwai wata mai kawo mana wasu ƙwayoyi a unguwa, tana cewa suna wanke shi daga jiki, kwalba ɗaya kuɗin buhun shinkafa ƙarami.

UngozomaArkilla
Hajiya don Allah riƙe kuɗinki. Kada mu ɗauki abin da ke faruwa ga dabbar teku mu ɗora wa kanmu kai tsaye. Ita an halicce ta ne ta haihu sau ɗaya ta mutu, mu ba haka muke ba. Abin da nake gani kullum a ɗakin awo yana da suna kuma yana da magani: ƙarancin jini, kunika, rashin abinci mai gina jiki, da aikin gida ba hutu. Mace ta zo da ciki wata bakwai, na ja fatar idonta na ga fari fat, ga na goye a baya bai shekara ba. Wannan ba ƙwayar kwalba mai tsada take buƙata ba. Tana buƙatar maganin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo, da wake da zogale da ƙwai da hanta in da hali, da tazara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, kuma shayarwar shekara biyu tana cikin Suratul Baƙara.

Likitan_Dabbobi_Sok
In ƙara a kan maganar Anti Ungozoma. An gwada irin waɗannan ƙwayoyi a manyan gwaje-gwaje. A ƙasar Finlan an bi maza masu shan taba kusan 29,000, aka ba wasu sinadarin bita-karotin, ɗaya daga cikin masu share ɓurɓushin. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. Jiki yana amfani da kaɗan daga cikin ɓurɓushin nan wajen aika saƙo da kashe ƙwayoyin cuta, ba abu ne da ake son a share ƙarƙaf ba.

Hajiya_GawonNama
To Allah ya amfana. Gobe in ta zo zan ce mata na gode.

Ɗan_Rima
Mu dawo kan oktofas jama'a. Abin da har yanzu bai zauna mini ba: mene ne amfanin mutuwar? Da ta rayu ta sake yin ƙwai ba zai fi yawan zuriya ba?

AlmajirinWurno
Kowace halitta da ajalinta da hikimar da ke ciki. Amma neman sanin sababi ba laifi ba ne, a ci gaba muna saurare.

MalamaBayoloji
Masana suna da bayani fiye da ɗaya. Na farko lissafi ne. Dabba ce marar ƙashi, marar ƙwarya, kowa a teku yana son cin ta. Yawancin nau'o'in shekara ɗaya zuwa biyu suke yi, babbar cikinsu ta tekun Fasifik uku zuwa biyar. Wadda damar kaiwarta baɗi ƙarama ce, ya fi mata riba ta zuba duk abin da ta mallaka a ƙwan bana da ta ɓoye wani abu don gyaran jikin da wataƙila kifi zai cinye gobe. Thomas Kirkwood ya tsara wannan tunani a 1977, shekarar da Wodinsky ya yi gwajinsa: ƙarfin jiki yana da iyaka, abin da aka kashe a haihuwa an rage shi daga gyara. Kafin shi George Williams ya ce a 1957 ƙwayar gado da ke taimakon dabba a ƙuruciya tana iya wanzuwa ko da ita ce za ta cutar da ita daga baya. Sinadarin da ke ɗaure uwa a kan ƙwanta ya hana ta ci zai iya zama irin wannan.

Na biyu, oktofas suna cin junansu. Uwar da sha'awar cinta ta dawo daidai lokacin da dubban 'ya'ya ke fitowa a gabanta haɗari ce gare su.

Ba ita kaɗai ba ce kuma. Kifin salmon na tekun Fasifik yana hawa kogi ya yi ƙwai ya mutu. A Ostireliya akwai wata 'yar dabba, antekinus, wadda mazan suke mutuwa gaba ɗaya bayan lokacin barbara.

Likitan_Dabbobi_Sok
Sai dai a gyara abu ɗaya a tambayar farko: ba duk oktofas ba ne. Akwai wani ƙaramin nau'i a gaɓar Fasifik ta Amurka ta Tsakiya, Octopus chierchiae, da macen take yin ƙwai sau da yawa, ta ci gaba da rayuwa. Ni a wurina a nan ne gwajin da zai raba gardamata da ƙanwata yake. A auna ɓarnar oksijin da sinadaran ƙullutun a wannan nau'in, a kwatanta da masu mutuwa.

Kawu_Tambuwal
Ni hwa har yanzu ina nan kan bakata. Kwana nawa dabba ka iya yi ba ci?

MalamaBayoloji
Kawu, zauna da kyau ka ji wannan. A 2007 masu bincike na cibiyar binciken teku ta MBARI a Kalifoniya, ƙarƙashin Bruce Robison, sun tura na'ura mai kyamara cikin kwazazzabon Monterey, zurfin mita 1,397. Suka ga wata macen nau'in Graneledone boreopacifica ta manne a jikin dutse a kan ƙwanta. Sun gane ta da tabon da ke jikinta. Suka yi ta komawa, sau 18, kullum tana nan. Launinta ya koɗe daga shunayya zuwa fari, jiki ya saki, idanu suka dushe. Ba su taɓa ganin ta ci ba, sun miƙa mata naman kaguwa da hannun na'urar ta ƙi. Wata 53 ta yi a haka. A ƙarshen 2011 suka tarar ba ta nan, sai ɓawon ƙwai kusan 160 da suka fashe. An wallafa rahoton a 2014.

Kawu_Tambuwal
Shekara huɗu da wata biyar? La ilaha illallahu. A'a, wagga kam ta wuce lissafina.

Ɗalibar_Kemistiri
Sanyi ne sirrin, Kawu. Ruwan wurin kusan digiri 3 ne. A irin wannan sanyi jiki yana ƙona abinci a hankali ƙwarai, ƙwan ma a hankali suke girma. Kuma Dakta ka lura, wannan ya fi dacewa da ɓangarena: ƙonawa kaɗan, ɓurɓushi kaɗan, rushewa a hankali.

Akasin wannan shi ne abin da ake gani a Yukatan ta Meziko. Nau'insu, Octopus maya, masu bincike na jami'ar ƙasar sun nuna cewa in zafin ruwa ya haura digiri 27 haihuwarsa tana raguwa, ƙwai su yi kaɗan, kuma 'ya'yan uwar da ta sha zafi suna fitowa da rauni. Suna danganta wani ɓangare na hakan da nauyin ɓarnar oksijin da uwar take sauke wa ƙwan.

Likitan_Dabbobi_Sok
Sanyi yana rage komai a jiki, ba ɓurɓushinki kaɗai ba, har da saurin aikin homon ɗin. Don haka uwar Monterey ba ta zama shaidar kowa a cikinmu ba. Na Meziko dai na karɓa, ya fi kusa da abin da kike faɗa.

Sarkin_Tarwada
Zancen zafi kam mu nan Sakkwato ba sai an ba mu labari ba. Watan huɗu in ruwan tanki ya ɗau zafi, iska ka raguwa ciki, ƙwan tarwada su yi fari su ruɓe kafin su fashe. Shi ya sa nike ƙyanƙyasa ƙarƙashin rumfa, in riƙa sauya ruwa da asuba. Ƙanwata, wanga ma ɓurɓushin naku na ko rashin iska na?

Ɗalibar_Kemistiri
Baba Sarki, na farko dai rashin iska ne, don ruwan zafi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi, ga ƙwan kuma buƙatarsu ta ƙaru. Ƙwayoyin cuta da fumfuna ma sun fi yaɗuwa a zafi. Amma zafin yana ƙara ɓurɓushin a cikin ƙwan shi ma. In kana da ma'aunin zafi ka riƙa rubuta na safe da na la'asar da yadda ƙyanƙyasar ta kasance, zan so in gani.

Sarkin_Tarwada
Akwai shi, sai dai rubutun ne ban saba ba. Zan sa yaron shago shi riƙa yi daga ƙyanƙyasa mai zuwa.

Inna_Mabera
Malama, ni tambaya ta ƙarshe kafin in tashi ɗora tukunya. Waɗanda Baturen nan ya cire ma ƙullutu sunka rayu, ƙwan nasu fa?

MalamaBayoloji
Sun bar su, Inna. Da aka cire ƙullutun, kulawar ma ta tafi tare da ƙin cin.

Ɗan_Rima
Dakta da ƙanwata, ku ci gaba, ina biye. Alhaji Bafatake, in kana da hoton tukwanen nan na Nuwadibu ka saka mana a nan.